Ranar Da Duk-ɗaya Ta Kaɗa Ƙuri'a

Masu cika mini akwatin saƙo da tambayar me ya faru a taron nan, ku sarara haka nan, ga ni na zauna. Sai dai in gaya muku tun yanzu, wadda ta shirya hankici don ta taya ni kuka ta mayar da abinta jaka. Zan faɗi abin yadda ya faru ne kawai. Wanda ya ga laifina ya rubuta mini a ƙasa, ina karantawa ko da ban ba da amsa ba.

Ga sababbin zuwa, a gidanmu Duk-ɗaya ake kirana. Yaya Babba ne ya laƙaba mini tun ina aji uku na firamare, sunan ya bi ni har jami'a. Mama za ta shimfiɗa yadi biyu a kan gado ta ce in ɗauki ɗaya, in ce mata duk ɗaya ne. A yi ta rigima a falo kan tashar da za a kalla, a juyo kaina in raba gardama, in ce duk wadda kuka sa. Ni ce ta tsakiya a cikin mu biyar, yayye biyu masu taurin kai a samana, ƙanne biyu masu bakin tsiya a ƙasana. Tun da wuri na lura cewa idan abu ya lalace wanda ya zaɓa ake nema, wanda ya yi shiru kuwa yana gefe yana shan ruwansa. Na kama wannan dabarar hannu bibbiyu. Ko karatun da nake yi, hulɗar ƙasa da ƙasa, Baba ne ya cike gurbin a fom bayan ya gaji da jirana da biro a hannu.

Sai Allah ya haɗa ni da Safiyo. Abokin Yaya Babba ne, awon filaye da hanyoyi shi ne aikinsa, shi ya sa duk gidan ba mai kiransa da wani suna sai wannan, har Baba. Dogo ne siriri, da gilashi mai kauri. Rigunansa duk masu aljihu biyu ne a gaba, biro uku a na hagu. A bayan motarsa kullum akwai takalmin shiga laka da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ba ya cikin mazan nan masu turo saƙon wai sun kasa cin abinci saboda tunaninki. Shi tambaya yake yi, sannan ya yi shiru ya jira amsa, ko za a kai minti biyar. Ga mace irina wannan ai azaba ce.

Wata takwas ya yi yana zuwa, Laraba da Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Ba sai an aiko kirana ba, ƙofar falonmu ce ke sanarwa. Tana da wani dogon kuka da take yi duk sanda aka taɓa ta, ana jinsa har ɗakinmu. Safiyo ya taɓa zuwa da ɗan gwangwanin mai zai ɗiga mata, Baba ya hana, ya ce da ita yake sanin masu shige da fice a gidansa.

Mama kam tun a wata na biyu ta gama yanke nata hukuncin. Kofin da ake ba shi shayi ma daban ta ware, ba mai taɓawa. Gwaggo, ƙanwar Baba, duk mako sai ta bugo ta tambaye ni me nake jira, ko sai ya tsiro fukafukai tukuna. Amsata ɗaya ce gare su duka, duk yadda kuka gani. Mama tana jin haka sai ta yi murmushi, a wajenta kunya ce irin ta 'ya mace. Baba ne kaɗai bai yarda ba. Ya ce shi ba zai amsa wa kowa ba sai ya ji daga bakina, da sunan mutumin a ciki.

Yanzu bari in faɗi abin da ko ƙawata ban taɓa faɗa wa ba. Ina son Safiyo. Na ma san ranar da abin ya fara. Mama ta kawo shayi kofi biyu, ɗaya da madara ɗaya babu, ta tambaye ni wanne, na ce duk ɗaya ne. Tana fita ya ɗauki kofin da babu madarar ya turo gabana, ya ce ya lura duk ranar da aka ba ni mai madara rabi nake sha in bari. Shekara ashirin da biyu ina cikin gidan nan, ba wanda ya taɓa leƙa ƙasan kofina. To me ya hana ni faɗa? Ba kunya ba ce, tsoro ne. Idan su suka ba da ni abin ya lalace, nasu ne. Idan ni na buɗe baki na ce shi nake so, duk abin da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai, ba wanda zan nuna da yatsa.

Ana cikin haka makarantarmu ta zaɓe mu mu uku zuwa wani taron ɗalibai a ƙasar waje. Kwaikwayo ne na zaman majalisar ƙasashen duniya. Matasa ne daga ko'ina, kowa a ba shi ƙasar da ba tasa ba, ya tsaya mata kamar jakadanta na gaske, a yi muhawara kwana huɗu, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri. Ni aka ba ni wata 'yar ƙasa ta tsibirai wadda sai da na sa farce a taswira kafin in gano ta. Mutanenta da kamun kifi suke rayuwa, batun zaurenmu kuma shi ne manyan jiragen ruwa da ke kwashe kifi a teku.

Wata biyu na yi ina karatun kifi, ni da ko ƙayarsa ba na so. Laraba da Asabar suka koma ranakun gwaji. Zan tsaya a tsakar falo da takarda, Safiyo yana zaune da waya a hannu yana auna mini lokaci, don a can daƙiƙa casa'in ake ba kowa, suna cika a buga guduma. Wata rana ya zo da taswira da rula, ya shimfiɗa a teburin falo, ya auna mini nisan da manyan ƙasashe ke so a bar jiragensu su matso. Ya ɗiga biro a wurin, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai bakin ƙofar mutane ne.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyata, ina gama jawabin ya kife wayar a kan tebur. Ya ce an tura shi aikin wata sabuwar hanya can nesa, shekara biyu, kuma Asabar mai zuwa zai tashi. Ni kuma sai Lahadi zan dawo.

"Kin iya faɗin abin da masunta suke so a tsibirin da ba ki taɓa takawa ba," ya ce. "Ke fa, me kike so?"

Na duba takardata kamar amsar tana ciki.

"Ba matsa miki nake ba, kina da har Juma'a. Amma in roƙe ki abu ɗaya, kar ki ce duk yadda su Mama suka gani. Idan wannan ce amsar, ni a wajena a'a ce. Zan zo in yi wa Baba sallama in tafi, ba rigima. Ba na son a miƙo mini ke kamar takardar fili."

Na ce to. Ya jira minti biyar ɗinsa, ban ƙara komai ba. Ya tattara biroransa, ƙofa ta yi kukanta.

Ranar Litinin muka tashi, mu uku da Dakta, malamar da ta raka mu. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba, kunnena ya toshe, na kasa buɗe ƙofar bandaki, shi ke nan. Otal ɗin hawa goma sha biyu ne, zauren taron yana can ƙasa, da kafet mai taushi da na'urar sanyi da aka ƙure kamar ana ajiyar nama. Kowa cikin kwat. Tawa ta Anti ce, matar Yaya Babba, ruwan toka, tela ya rage mata kafaɗa amma hannun ya ɗan wuce mini. Na yafa ƙaramin mayafi shuɗi na soke shi da fil biyu, na sa takalmi mai tsini da ya fara cizona tun a lif. A gaban kowa akwai wani farin kwali da sunan ƙasarsa, shi ake ɗagawa idan ana son magana.

Dokar farko da Shugabar zama ta karanto mana ita ce ba a cewa "ni" a zauren. Sai dai a ce wakiliyar ƙasa kaza tana ganin kaza. Jama'a suka yi ta tuntuɓe, ana buga musu guduma. Ni kuwa ko sau ɗaya ba a buga mini ba. Ashe shekara da shekaru horon wannan aikin nake yi a gida ban sani ba. Jawabina na farko daƙiƙa tamanin da takwas ya ci, aka tafa mini, aka fara turo mini 'yan takardu daga kujera zuwa kujera, don haka ake hira a wurin idan zama ya kankama. Gaskiya na ji daɗin wurin. Ina magana da ƙarfi, ana saurarona, kuma ko kalma ɗaya ba tawa ba ce.

Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da wata daga wata nahiyar, wadda na sa wa Mai Jar Jaka don ko bandaki da jakar take shiga. Wannan ne taronta na shida. Tana wakiltar ɗaya daga manyan ƙasashe masu jirage, kuma ta zo ne da niyyar tafiya da kambun gwarzuwar wakiliya, ta ce da shi za ta nemi gurbin digiri na biyu. Mutuniyar kirki ce, kar ku ce na ɓata ta. Ita ta ba ni filasta na liƙa a dunduniya, ita ta nuna mini yadda ake kunna ruwan zafi bayan na yi wanka biyu da na sanyi ban yi ƙorafi ba. Kafin azahar ɗin Laraba ta tara ƙasashe wajen ashirin a bayanta, sun rubuta ƙuduri. Ƙudurin yana da kyau, ban da sakin layi na bakwai, wanda ya bar jirage su matso daidai inda Safiyo ya ɗiga biro.

Ɗaya ɓangaren wani ne ke ja, wakilin tsibirin da ke maƙwabtaka da nawa, mai fama da mura, hankici a hannu kullum. Su ba su da yawan da za su kai nasu ƙudurin ko'ina, burinsu kawai su kayar da na Mai Jar Jaka. Shi ya turo takarda yana tambaya ko ina tare da su, na rubuta masa cewa muna nazari. Ita ta tambaye ni a ɗaki tana goge hoda a gaban madubi, na ce mata muna nazari. Ta juyo ta ce idan akwai abin da bai yi mini ba a ciki in faɗa a gyara, ba komai ba ne. Na ce babu, duk ɗaya ne.

Ina da mafita, shi ya sa hankalina yake kwance. Kowace safiya ana kiran sunayen ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, kuma amsar iri biyu ce. Ko mutum ya ce "ana nan", ko ya ce "ana nan, kuma za a kaɗa ƙuri'a". Wanda ya faɗi ta farko, idan an zo zaɓe yana da damar ya ce ya ƙaurace, bai ce eh ba bai ce a'a ba. Wanda ya faɗi ta biyu ya ɗaure kansa, dole ya ɗauki ɗaya. Ranar da Dakta ta yi mana wannan bayanin sai da na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Kwana uku a jere ina faɗin ta farko in rufe bakina.

Waya kuwa ba ta huta ba. Mama tana turo saƙon murya mai minti huɗu-huɗu, rabi addu'a, rabi labarin cewa Safiyo ya bugo ya gaishe ta. Gwaggo ta turo hoton wani leshi, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Anti ta tuna mini kar in sa kwat ɗinta a injin wanki. Ƙanwata ta rubuto:

*Duk-ɗaya ki taho min da turare. Kar ki tambaye ni wanne, ki rufe ido ki ɗauka, na san ki.*

Safiyo sau ɗaya yake rubutowa a rana, da safe.

*Ya sanyin wurin? Ki rage sauri a sakin layi na biyu.*

Na tura masa hoton kwalina. Washegari:

*Takalmin ya daina cizo?*

Na tura masa hoton filasta. Bai taɓa tuna mini Juma'a ba, ni ma ban manta ba. Sau uku ina rubuta masa harafi biyu, in zauna ina kallonsu, in goge.

Ranar Juma'a na makara. Dutsen gugar ɗakin ya ƙi zafi, fil ɗaya ya ɓace, na sauko da gudu da takalmi a hannu. Na shiga zaure an fara kiran suna. Ƙasata tana can wajen ƙarshen jeri, don haka na zauna na ciro waya a ƙarƙashin tebur, abin da aka hana tun ranar farko. Mama ta kira sau biyar, sannan ta rubuto, ita da ba ta son rubutu:

*Yaron nan gobe zai tafi. Babanki ya ce sai kin yi magana. Ki ce wani abu ko ɗaya ne in samu na faɗa.*

Na san abin da Safiyo ya roƙe ni, kar ku ɗauka mantawa na yi. Amma na ce a raina ai Mama nake ba amsa ba shi ba, shi zan zauna in rubuta masa a tsanake idan an tashi. Yatsuna sun san hanya, ba su jira ni ba.

*Mama duk yadda kuka gani.*

Ina danna turawa na ji an kira ƙasata, ashe ma karo na biyu ke nan. Na zabura na ɗaga kwali. Wanda ke gefena ya amsa tasa yanzun nan, maganarsa tana cikin kunnena, sai kawai bakina ya maimaita ta yadda ya faɗa. Shugaba ta yi alama a takardarta ta wuce. Ni ban ma san me na ce ba. Na kashe wayar na jefa a jaka kafin a kama ni.

Wajen sha biyu aka rufe muhawara. Idan za a yi zaɓe kulle ƙofofi ake yi, ba shiga ba fita, ba waya, ba 'yan takardu, ko raɗa da na kusa babu. Mai mura ya ɗaga kwali ya nemi a yi zaɓen da kiran suna, kowa ya faɗi nasa a ji, aka amince. Mu arba'in da bakwai ne a zauren. Aka fara, kowa yana jan layi da biro a gefen takardarsa. Da aka zo kaina na miƙe, na tura hannun kwat ɗin Anti baya, na ce wakiliya ta ƙaurace.

Shugaba ta duba takardarta. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

"Wakiliya ta amsa da safe cewa tana nan kuma za ta kaɗa ƙuri'a. Ba ta da damar ƙauracewa."

"Kuskuren baki ne, Shugaba."

"An rubuta. Eh ko a'a?"

Na tuna akwai wata 'yar kafa da ta rage, mutum zai iya cewa a wuce shi tukuna, a dawo kansa a ƙarshe. Na ce a wuce ni. Wani ya yi dariya a baya, aka buga guduma. Ƙasashe huɗu ne suka rage bayana, ba su ci minti ɗaya ba.

Na saci kallon takardar na gefena. Eh ashirin da ɗaya, a'a ashirin, biyar sun ƙaurace. Na lissafa sau biyu. Da an bar ni na ƙaurace yadda na so, da ƙudurin ya wuce, da sakin layi na bakwai da komai. Shirun da na ɗauka ba ruwansa da kowa, ashe akwai ɓangaren da yake yi wa aiki.

Aka sake kiran ƙasata. Mai Jar Jaka ta juyo daga layin gaba ta yi mini murmushi, ta ɗan ɗaga mini babban yatsa. Mai mura ya daina share hanci. Na san wasa ne, ba jirgin da zai motsa saboda abin da ɗalibai suka faɗa a ƙasan otal. Amma duk da haka na ƙanƙame kwalin da hannu biyu. Duk jawaban da na haddace ba wanda ya zo mini. Abin da na gani kawai shi ne ɗigon biron nan a taswira, a kan teburin falonmu.

"A'a," na ce.

"Wakiliya ta ɗaga murya."

"A'a."

Kunnen doki aka yi, kuma a dokar wurin ƙudurin da ya yi kunnen doki ya faɗi. Guduma ta sauka. Na zauna ina jiran rufin ya rufto mini a ka, bai rufto ba. Aka buɗe ƙofofi, mutane suka nufi teburin shayi suna hayaniya. Mai mura ya taho zai yi mini godiya, na gaishe shi daga nesa saboda murar. Dakta ta wuce ta gefena ta ce ashe ina da murya.

A wajen na'urar ruwan sha Mai Jar Jaka ta same ni. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi hayaniya ba.

"Sakin layi na bakwai ne?"

Na ce shi ne.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Laraba."

"Na tambaye ki a ɗaki. Da kin buɗe baki da na cire shi a minti biyu, ke kin samu, ni na samu. Gado da gado muke kwana."

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta tafi. Daga baya wani aka ba kambun. Ban ba ta haƙuri a lokacin ba don ban san ta inda zan fara ba. Na ji kunya sosai, kuma na san ba a'ar da na faɗa ce ta ja mini ba.

Na samu kujera a ƙarshen baranda kusa da taga, na cire takalmin, na ajiye kwalin a cinya, na kunna waya. Na riga na san abin da zan rubuta wa Safiyo. Harafi biyun nan ne, wannan karon ba gogewa.

Wayar ta yi ta kaɗawa a hannuna. Saƙon murya uku daga Mama. A na farko muryarta cike da fara'a, tana ta hamdala, ta ce tunda na bar musu zaɓi su sun zaɓa, kuma ta ɗauki hoton saƙona ta tura wa Safiyo da kanta don hankalinsa ya kwanta kafin tafiya. A na biyu tana mamakin ya gani bai ce komai ba. Na uku daƙiƙa huɗu ne, ta ce in kira ta.

A ƙasansu ga nasa, tun awa biyu da suka wuce.

*Na ga saƙonki a wajen Mama. Na gode, ban ji haushi ba. Allah ya ba da sa'a a zaɓen yau. Ki rage sauri.*

Sau huɗu na karanta. Da ma zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Na ji ina son kuka, amma ga mutane suna wucewa da kofunan shayi. Na rubuta *Eh* na tura. Alama ɗaya ta fito, ta tsaya a ɗayar. Na kira, wayar a kashe. Na sake kira, a kashe.

Ina shirin kira na uku sunan Baba ya fito. Baba ba ya kiran waya sai da dalili, ko gaisuwa ce ta bakin Mama yake aikowa.

"Uwata."

"Na'am Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Safiyo ne ya zo yi mini sallama. Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe, mukullin mota a hannunsa. Na ce ya dakata in ji daga bakinki, don ni ba a nuna mini hoton waya a kan magana irin wannan. Na buɗe muryar, uwarki tana nan, shi ma yana ji."

Ina jin fankar falonmu tana juyawa. Ina jin Mama tana wani ɗan tari da take yi idan tana son in yi sauri. Bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, duk..."

Na cije leɓe har sai da na ji gishiri-gishiri. Na ajiye kwalin ƙasar aro a kan kujera, na miƙe tsaye a kan kafet ɗin mutane, ba takalmi, filasta tana reto a dunduniyata.

"Baba, Safiyo nake so. Ba Mama ce ta sa ni ba, ba Gwaggo ba ce. Ni na ce. Na daɗe da sani, tsoro ne ya hana ni faɗa."

Ba wanda ya yi magana. Na duba fuskar wayar, kiran bai yanke ba, daƙiƙu suna tafiya. Goma. Ashirin. Arba'in. Wata takwas mutumin nan yana zama a gabana yana jiran minti biyar-biyar, ban taɓa tambayar kaina yadda yake ji ba. Ni ko minti ɗaya ban cika ba haƙurina ya fara ƙarewa.

Sai na ji kukan ƙofar falonmu, dogon nan, daga farkonsa har ƙarshe, sannan ta rufu.

"Baba," na ce, "ta ciki ya rufe ta, ko ta waje?"